Kuɗin da ke hannunka, nawa ne naka a ciki?

Shekarun da na yi ina riƙe wa mutane littafin kuɗi, daga mai albashi zuwa mai ƙaramin kamfani da ƙungiyoyin agaji, sun sa na daina tambayar mutum nawa ke gare shi. Wannan kowa ya duba wayarsa zai ga abin da banki ya ce. Tambayar da nake yi yanzu ita ce: a cikin abin da ke asusun nan, nawa ne naka? A nan ne akan yi shiru. Galibin waɗanda na ga haraji ya rutsa da su ba ɓarayi ba ne, ba kuma malalata ba. Mutane ne da suka ga kuɗi a hannunsu suka ɗauka nasu ne, suka kashe, sai daga baya mai haƙƙi ya zo.

Mai albashi shi ya fi kowa samun sauƙi, domin kafin kuɗin su iso gare shi an riga an cire rabon gwamnati. Wannan tsari bai daɗe ba idan aka kwatanta da shi kansa harajin. Birtaniya ta fara karɓar harajin kuɗin shiga a 1799, zamanin Firaminista William Pitt, don ta samu abin yaƙi da Faransa. Amma cire haraji kai tsaye daga albashi irin wanda muka sani yau, a Amurka da Birtaniya sai a yaƙin duniya na biyu ya kafu: Amurka a 1943, Birtaniya a 1944. Gwamnatoci sun gane cewa karɓa kafin kuɗi su shiga aljihu ya fi bin mutum bashi a ƙarshen shekara. Illar wannan sauƙi ita ce mai albashi kan manta cewa akwai wani lissafi da ake yi a madadinsa. Ranar da ya fara samun wani abu a gefe, kuɗin haya ko ladan wani aiki na kansa, babu mai cire masa komai, shi kuma bai saba warewa ba.

Akwai kuma wata fahimta da na gaji da gyarawa. Mutum zai ce ba ya son ƙarin albashi don kada ya shiga matakin haraji na sama, a cewarsa ƙarin zai koma ragi. A ƙasashen da ke da haraji mai hawa-hawa, ba haka abin yake ba. A ce doka ta sa kashi 10 cikin ɗari a kan 100,000 na farko, sannan kashi 20 a kan abin da ya haura. Wanda ya samu 120,000 zai biya 10,000 a kan kason farko, da 4,000 a kan 20,000 ɗin da suka haura. Jimla 14,000 ke nan, wato ƙasa da kashi 12 na duk abin da ya samu. Kashi 20 ɗin bai taɓa kason farko ba. Inda ake iya samun matsala ta gaske shi ne idan ƙarin ya sa mutum ya rasa wani tallafi ko rangwame, kuma wannan lissafi ne daban da ya kamata a zauna a yi.

Mai ƙaramar sana'a ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi na fi tausaya wa. A aljihunsa guda akwai kuɗin mutum huɗu ko biyar a cakuɗe: jarin sana'a, kuɗin mai kawo masa kaya da bai biya ba tukuna, kuɗin da wani ya ba da tun kafin a yi masa aiki, rabon gwamnati, sai ribarsa, wadda sau da yawa ita ce mafi ƙanƙanta. Abu na farko da nake roƙonsa shi ne ya buɗe wa sana'ar asusunta daban, ya yanka wa kansa albashi, ya tsaya a kai. Da yawa sukan yi dariya su ce ai duk nasu ne. To, na wa ne in ba nasu ba? Sai dai muddin kuɗin makarantar yara da kuɗin sayo kaya suna fita ta ƙofa ɗaya, babu akantan da zai iya gaya maka ko sana'ar riba take yi ko jari ake ci. Ranar da hukumar haraji ta zo bincike kuma, kai za ka nuna cewa kuɗin da ɗan'uwanka ya turo maka aro ne, ba ciniki ba.

Harajin VAT ne ya fi fito da wannan magana fili. Wani jami'in haraji na Faransa, Maurice Lauré, shi ya tsara shi, ƙasarsa ta fara aiki da shi a 1954, yau kuma ƙasashe sama da 160 na karɓarsa. Yadda yake aiki shi ne mai saye na ƙarshe ke biya, ɗan kasuwa karɓa kawai yake yi a madadin gwamnati. Idan harajin kashi 10 ne, ka sayar da kayan 100 a kan 110, goman nan ba ta taɓa zama taka ba ko na daƙiƙa ɗaya. A mafi yawan tsare-tsare za ka cire VAT ɗin da kai ma ka biya lokacin sayo kayan, ka miƙa ragowar, amma fa sai kana da rasit ɗin da doka ta yarda da shi. Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane: idan farashin da aka karɓa ya riga ya haɗa da harajin, ba kashi 10 na 110 za a cire ba, domin wannan 11 zai ba ka. Sai a raba 110 gida 11 a ɗauki gida ɗaya. Kuskuren ɗaya cikin 110 kamar ba komai ba ne, amma a tara shi a cinikin shekara a gani.

Hatsarin yana cikin tazarar da ke tsakanin ranar karɓa da ranar miƙawa. Kuɗin suna zaune a asusu makonni, ga haya ta zo, ga mai kaya na kira, sai a ce bari a ɗan taɓa, za a mayar kafin wa'adi. Ban cika ganin an mayar ba. Zanen aro ba ya rufe katara: wata mai zuwa sai an taɓa fiye da na baya don a cike giɓin. Shawarata a nan ba ta da wata dabara. Asusu na biyu, a riƙa zuba rabon haraji a ciki duk mako, a kuma yi kamar babu shi. Haka ma harajin da aka cire daga albashin ma'aikata. Hukumomin haraji sun fi tsananta wa wanda ya ci wannan fiye da wanda ya makara da nasa na kansa, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin amana ya ci.

Sai batun riba da tsabar kuɗi, waɗanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Sana'a na iya nuna riba a takarda alhali ba ta da abin biyan albashi, saboda kayan sun fita bashi. Tana kuma iya cika da kuɗi tana faɗuwa, saboda masu bin ta bashi ba su zo ba tukuna. Wanda ya sayi injin da zai yi shekara 5 yana aiki ba a wata guda ya yi asarar kuɗinsa ba. Ana rarraba tsadarsa a kan shekarun, kuma dokar haraji ta kowace ƙasa tana da nata ma'aunin wannan. Tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu, inda kuɗi suka fito da inda suka shiga, tsoho ne ƙwarai. 'Yan kasuwar Italiya sun daɗe suna yin sa kafin Luca Pacioli ya bayyana shi a littafin da aka buga a Venice a 1494. Manhajojin lissafi na yau galibi a kansa suke tafiya, sai dai manhaja ba ta san abin da ba a shigar mata ba.

Ƙungiyoyin agaji kuwa, a can ne ma babu ko sisin da za a ce na mai riƙe da shi ne. Abu biyu na koya a wurinsu. Na farko, tallafin da aka bayar da sharaɗi yana nan da sharaɗinsa. Idan mai ba da tallafi ya ce kuɗinsa na sayen magani ne, ba a biyan hayar ofis da su, komai matsuwa, sai an koma an nemi izininsa a rubuce. Na ga ƙungiya mai asusu cike wadda ba ta iya biyan kuɗin wuta, saboda duk abin da ke ciki an riga an ɗaure shi da wani aiki. Shi ya sa nake ganin shugaban da ke alfahari da cewa ƙungiyarsa ba ta kashe komai a kan gudanarwa, ko dai bai san lissafinsa ba, ko yana ɓoye shi a wani wuri. Akanta da mai binciken kuɗi ba kyauta suke aiki ba, gara a sa kuɗinsu a kasafi tun farko a faɗa wa mai bayarwa.

Na biyu, yafe wa ƙungiya haraji ba ya nufin an yafe mata bayar da bayani. Yafiyar kanta galibi sai an nema an yi rajista, kuma ba ta shafi harajin albashin ma'aikata ba. Cinikin da ba shi da alaƙa da manufar ƙungiya ma ana iya sa masa haraji. A Amurka, dokar 2006 ta ce duk ƙungiyar da ta yi shekara 3 a jere ba ta miƙa bayananta na shekara ba, yafiyarta ta faɗi da kanta. A 2011 hukumar harajin ƙasar ta sanar da cewa ƙungiyoyi kusan 275,000 sun rasa matsayinsu ta wannan hanya.

Abin da ya fi wuyar faɗa a ƙaramar ƙungiya shi ne kada mutum ɗaya ya zama shi ke amincewa da kashe kuɗi, shi ke fitar da su, shi kuma ke rubutawa. Da ka kawo maganar sai a ce kana zargin ma'aji. Ni kuwa ma'ajin nake karewa. Sa hannun mutum biyu a kan kowane biya, da wani na uku da zai riƙa gwada littafi da bayanan banki duk wata, su ne za su wanke shi ranar da aka fara ƙananan maganganu, kuma ana farawa.

Wanda wa'adi ya cim masa ba shi da kuɗin biya, abin da nake gaya masa shi ne ya miƙa takardunsa duk da haka. Ƙin miƙa bayani laifi ne daban, rashin biya laifi ne daban, kuma a wasu ƙasashe tarar na farko ta fi nauyi nesa ba kusa ba. A Amurka, makara wajen miƙa takarda na jawo kashi 5 na harajin da ake bin mutum a kowane wata, har ya kai kashi 25, alhali makara wajen biya rabin kashi 1 ne a wata. Hukumomi da dama kuma suna yarda a biya kaɗan-kaɗan idan mutum ya je da kansa, da rasit ɗinsa a jere, kafin su aiko masa da takarda.