Abin da ke cinye takalmin birki a tsofaffin Hilux da Land Cruiser

Yawancin motocin da ke shigowa garejinmu a nan Kano masu shiga daji ne: tsofaffin Hilux, Land Cruiser, Prado, Pajero, jefi-jefi Nissan Patrol. Na 'yan kwangila ne, da manoman rani masu zirga-zirga Kura da Kadawa, da dillalan hatsi da ke bin kasuwannin ƙauye suna kawowa Dawanau. Kukansu kusan ɗaya ne: "Oga, wata biyu ke nan da sa takalmin birki, ga shi har ya fara ƙara." Daga nan sai laifi ya hau kan mai sayar da kayan gyara na kasuwar Ƙofar Ruwa, wai jabu ya bayar. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma idan muka kwance, sau da yawa takalmin lafiyarsa ƙalau, wani abu ne a jikin motar ke cin sa.

Shi ya sa a garejin nan yaro ba ya jefar da tsohon takalmi. Ana jera guda huɗun na ƙafafun gaba a kan benci yadda suka fito, na dama gefe, na hagu gefe, na ciki da na waje. Sabon takalmi yakan zo da nama wajen milimita 10 zuwa 12, kuma da zarar ya sauko milimita 3 mukan ce a canza. Abin da muke dubawa shi ne ko tare suka sauka. Idan huɗun sun cinye daidai wa daida amma da wuri, to gaba ne ke aikin motar duka, sai mu nufi baya. Idan ƙafa ɗaya ce ta cinye ta bar 'yar uwarta, matsalar tana kalifar wannan ƙafar, wato ƙarfen da ke matse takalman a jikin faifan birki, ko tiyonta. Idan kuwa takalmi ya cinye a karkace, kai ɗaya siriri, ɗayan da kauri, to wani abu ya cije.

A Hilux mai jan ƙafa huɗu da Prado da Land Cruiser, kalifar gaba ba ta motsi. Fistin huɗu ne a cikinta, biyu kowane gefe, takalman kuma suna zamewa a kan fil guda biyu. Kowane fistin yana da robar da ke tare masa ƙura. Zafin birki da shekaru su ke busar da robar nan ta tsage. Da hunturu ƙura mai laushi ta shiga, da damina a bi da motar ta kududdufi ruwan laka ya bi bayanta, sai tsatsa ta kama gefen fistin. In an taka birki yana fita, domin ƙarfin man birki ne ke tura shi. Komawa ce ba ya yi, domin ɗan zoben roba na ciki ne kaɗai ke janyo shi baya, shi kuwa ba shi da ƙarfin ja da tsatsa. Sai takalmi ya yi ta gogar faifai tun daga Kurna har Ɗambatta, direba bai sani ba, sai dai ya ji mota ta yi nauyi, man tanki yana saurin ƙarewa, rim ɗaya ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa.

Pajero da ƙafar bayan Prado kuwa kalifarsu mai zamewa ce a kan fil biyu masu roba. A nan ne aikin ganganci ya fi yin ɓarna. Yaro ya lakato giris ɗin boris ya shafa wa fil, yana ganin ya kyauta. Wannan giris ɗin yana kumbura robar, cikin 'yan makonni fil ya kame, takalmin ciki ya cinye har ƙarfe, na waje yana nan kamar sabo. Giris ɗin silikon ko jan giris na roba ake sawa, kaɗan, bayan an goge fil ɗin tas.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaga mota a jak, a sa ta a firi, a taka birki da ƙarfi sau uku a saki, a juya taya da hannu. Idan ta cije, a ɗan sassauta notin fitar da iska na kalifar. In mai ya tsarto taya ta saki nan take, to mai ne ya maƙale a layi: ko tiyon roba ya rufta ta ciki yana barin mai ya tafi ba ya barin ya dawo, ko an ɗaure sandar masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki ƙafafu, har feda ba ta da wasa. Dole feda ta kasance da ɗan wasa na milimita kaɗan kafin ta fara turawa. In kuma an sassauta notin taya ba ta saki ba, fistin ne ko fil. Tiyon nan yana yaudarar makanikai da yawa, domin daga waje ba a ganin komai a jikinsa.

Fistin da ya yi ramukan tsatsa ba a goge shi da sanfefa a mayar. Sabo ake sawa, da sabbin robobi, a wanke ramin da man birki mai tsabta. Kada fetur ko kananzir ya taɓa robar birki.

Sai maganar baya, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Hilux diram gare ta a baya, kuma abin da ke matso da takalminta yana cushewa da laka ya daina aiki. Alamar ita ce birkin hannu ya yi ta tafiya sama kafin ya kama. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70 da 80 kuma suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da doguwar sanda da ta haɗa shi da gatarin baya. Aikinsa ya auna nauyi: in an yi lodi mota ta zauna, ya ƙara wa baya ƙarfin man birki, in babu kaya, ya rage. To mutanenmu suna son ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki buhu. Da an ɗaga bayan ba a sake saita sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum motar fanko take, ya hana baya ƙarfi ko da an lafta mata shinkafa. Wasu ma sandar ta karye tuntuni an ɗaure ta da waya. Irin wannan motar ko takalmin Toyota na asali aka sa mata a gaba, ba zai daɗe ba. Manyan tayoyi da ƙaton bamba na ƙarfe suna ƙara wa gaban wahala.

Faifan ma abin dubawa ne. Wanda yashi ya karce ya yi layi-layi, ko ya yi leɓe a baki, zai ci sabon takalmi kamar magagari. Kowane faifai yana da lambar ƙarancin kaurinsa a buge a jiki. Idan wankewa a inji, wato kankare fuskarsa ta daidaita, za ta kai shi ƙasa da wannan lambar, sai dai a canza, kuma biyu ake canzawa tare. Kwanon da ke bayan faifai, wanda wasu ke cirewa don yana ƙara, shi ne ke tare laka da tsakuwa. A miƙe shi a mayar. Boris mai wasa ma yana sa faifai rawa, don haka mukan girgiza taya sama da ƙasa kafin mu kwance komai.

Man birki yana shan ruwa daga iska, ruwan nan ne ke kawo tsatsa ta ciki. DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfin, a juye shi duka duk shekara biyu, ba ƙari kawai ba. In za a mayar da fistin don sa sabon takalmi, a buɗe notin fitar da iska baƙin man ya fita waje, kada a tura shi sama cikin masta.

Ba ma ba da mota sai an zaunar da takalmin. A sami titi mara cunkoso, a kai gudun kilomita 60 a awa, a taka a sauko wajen 10 ba tare da tsayawa cak ba, kamar sau takwas ko goma, sannan a ɗan yi tafiya ya huce. Direban da zai gangara tudu da kaya, kamar wajen Riruwai, mukan gaya masa ya sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. In ya dawo daga laka kuma, a wanke cikin ƙafafun da ruwa mai ƙarfi ranar nan, bayan faifai ya huce, kafin lakar ta bushe a kan fil da robobi.