Santsin Pamukkale

Na dawo Agege, amma tafin ƙafata bai manta da Pamukkale ba, wani wuri mai farin dutse da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a ƙasar Turkiyya. Sarin kaya ya kai ni Santambul, sai Alhaji, maƙwabcin shagona, ya ce, "Malam, kwana ɗaya ba ya karya jari." Muka hau jirgi zuwa Denizli, birnin da ke kusa da Pamukkale.

Ɗan jagora ya fara kai mu kangon tsohon birnin Hiyarafolis, kan tudun da Kiristoci suka yi gini a ƙarni na 5 don tunawa da Filibus, almajirin Annabi Isa. A 2011 masu tono suka ce sun gano kabarinsa. Ni dai hawan ya sa ni haki.

Wajen ruwan, dole a cire takalmi. Dutse fari fat kamar auduga, ruwan ɗumi yana ratsa yatsu. Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas, Alhaji yana ta dariya.