Saƙon godiya a madadin Yaya, bayan wata 11 na jinya

Assalamu alaikum. Jiya likita ta jera mana hotunan ƙirjin Yaya guda biyu a fuskar kwamfuta, na farkon jinya da na makon jiya, ta ce mu duba da idonmu. Ƙarin da ke huhunta na dama ya motse sosai, ruwan da ya taru a gefensa ya janye bai dawo ba. Alhamdu lillahi. Yaya ba ta ce uffan ba sai da muka fito, sannan ta ce da ni, "Kai ne mai rubutu, ka je ka yi wa mutane godiya a madadina, kada ka bar kowa." To ga ni.

Da yawanku kun san yadda abin ya faro. Tari ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata huɗu ana ba ta maganin tarin fuka a wani wurin da ba zan ambata ba, alhali gwaji bai taɓa tabbatar da shi ba, ita kuwa sai ramewa take yi. Ban riƙe kowa a rai ba. Mace ce da ba ta taɓa kai sigari bakinta ba, mu kanmu ba wanda ya kawo sankarar huhu a zuciyarsa. Amma wata huɗun nan sun ci mana rai, ba zan ɓoye ba.

Godiyarmu ta farko, bayan ta Allah, ga likitar da ta tsaya kai da fata sai an ɗebi tsoka daga ƙarin an duba, kuma da sakamako ya fito ta hana a fara komai sai an ƙara gwajin ƙwayoyin gado a kan tsokar. Likita, kin ce aikinki kika yi. Mun ji, amma Allah Ya saka miki da alheri. Haka ma'aikatan ɗakin gwaji da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, da ma'aikatan jinya masu kwanan tsaye, musamman wadda ta riƙe hannun Yaya ranar da aka zuƙe mata ruwan ƙirji. Maigidanta kuwa, ba ni da bakin gode masa. Ƙanne da 'ya'ya da suka raba kwana a asibiti, abokan aikina da suka riƙe mini ajina, waɗanda suka ba da jini, waɗanda suka taimaka da aljihunsu suka ce kada a faɗi sunansu, da masu yi mana addu'a daga nesa, Allah Ya biya ku, Ya raba ku da irin wannan jarrabawa.

Akwai wasu mutanen kuma da Yaya ba ta san su ba, amma suna cikin "kada ka bar kowa". Ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita a kansu, malamin makaranta ba ya rabuwa da allo.

Takardar gwajin ta zo da haruffa huɗu, EGFR, da bayanin cewa wani ɗan guntu ya ɓace a yanki na 19 na wannan ƙwayar gadon. Likita ta yi murmushi da ta karanta, abin da ya ba ni haushi a lokacin. Daga baya na gane dalili: wannan lahanin yana da ƙwayar magani da aka ƙera dominsa. Dararen da barci ya ƙaurace mini a gefen gado, sai na shiga bin diddigin inda haruffan suka samo asali. Na iske asalinsu a idon jariran ɓeraye.

Wani Ba'amurke ne, Stanley Cohen. A 1953 ya shiga aiki da Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, suna neman sinadarin da ke sa jijiyoyi tsiro. Sun same shi da yawa a dafin maciji, daga nan suka bi sawu zuwa ƙululun da ke samar da yawu a jikin namijin ɓera. Da Cohen ya riƙa yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan ƙululun nan wanda ba a gama tacewa ba, sai ya lura da abin da bai shafi jijiya ba ko kaɗan. Jaririn ɓera kan buɗe ido bayan kwana 12 zuwa 14, amma waɗannan suna buɗewa tun wajen kwana 7, haƙoransu ma suna riga lokaci fitowa. Wani da ya ce wannan ba shi nake nema ba, ya wuce. Shi kuwa da ya koma Jami'ar Vanderbilt a Nashville a 1959, wannan ya sa a gaba. Ba shi da wani ma'auni sai idon ɓeran: ya tace ruwa, ya yi allura, ya ƙirga kwanaki, ya sake tacewa. A 1962 ya ware sinadarin shi kaɗai. Ƙaramin furotin ne, tubalansa 53 kacal, kuma aikinsa shi ne sa ƙwayoyin fata su hayayyafa su yi kauri, shi ya sa fatar idon ke rabuwa da wuri. Aka sa masa suna sinadarin girman fata, EGF a taƙaice. Daga baya aka same shi a fitsarin ɗan Adam.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, ta yaya saƙon ke shiga cikin ƙwayar halitta? A nan aka gano makarɓinsa, wato EGFR ɗin da ke takardar Yaya. Furotin ne babba da ya ratsa bangon ƙwayar, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. In EGF ya zo ya zauna a kan, sai makarɓa biyu su haɗu, ƙafafunsu na ciki su farka su fara liƙa wani ɗan sinadari da ake kira fosfet a jikin juna da jikin wasu furotin, daga nan saƙo ya riƙa wucewa hannu zuwa hannu har ya isa cibiyar ƙwayar: ki rabu biyu. Abin da ya burge ni, Cohen da mutanensa sun fara kuskuren inda fosfet ɗin ke maƙalewa. Sai a 1980, bayan aikin wani masani, Tony Hunter, ya buɗe musu ido, Cohen da abokin aikinsa Hiroshi Ushiro suka sake dubawa suka ga a kan tubalin da ake kira tairosin ne, suka fito suka gyara maganarsu.

Akwai wata baiwar Allah a cikin labarin nan da ba a san sunanta ba. Tsohuwa ce 'yar shekara 85 mai fama da sankara, aka ɗebi ƙwayoyin ƙarinta aka raya su a ɗakin bincike da lambar A431. Kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da makarɓa sama da miliyan biyu, ninkin-ba-ninkin na lafiyayyar ƙwaya, shi ya sa aka samu isasshen da za a tace a nazarta. Na daɗe ina tunaninta. Ita ma wata ce da 'yan uwanta suka zauna a gefen gadonta.

A 1984 alaƙa da sankara ta fito fili. Julian Downward, a ɗakin binciken Michael Waterfield a Landan, tare da abokan aiki irin su Joseph Schlessinger da Axel Ullrich, suka ga cewa wata ƙwayar gado da wani bairos ke haddasa sankarar jini da ita a jikin kaji, ba komai ba ce illa wannan makarɓin da aka datse wa kai. Ba ya jiran saƙo daga waje, kullum a kunne yake. A 1986 Cohen da Levi-Montalcini suka karɓi kyautar Nobel.

Magani bai zo nan da nan ba. An ƙera gefitinib don ya toshe ƙafar makarɓin, Japan ta amince da shi a 2002, Amurka a 2003, amma sai ya zama yawancin marasa lafiya ba sa ganin wani amfani, 'yan kaɗan kuma su miƙe kamar an yi ruwa an ɗauke. An lura 'yan kaɗan ɗin sun fi yawa cikin mata, da waɗanda ba su sha sigari ba, da mutanen gabashin Asiya, ba a dai san dalili ba. A 2004 masu bincike a Boston da New York suka gano shi: waɗanda maganin ke yi wa aiki su ne masu lahani a ƙwayar gadon EGFR, mafi yawa ɓatan guntu a yanki na 19, irin na Yaya, ko sauyin da ake kira L858R. Ita sankara ba ta zauna ba, a wajen rabin marasa lafiya takan fito da sabon sauyi, T790M, da ke hana maganin kamawa. Saboda shi aka ƙera osimertinib, aka amince da shi a 2015. Shi Yaya ke sha, ƙwaya ɗaya kowace rana. Daga idon ɓera zuwa ƙwayar nan sama da shekara 50 ke nan, kuma mutumin da ya fara bai fito neman maganin sankara ba. Cohen ya rasu a 2020.

Da na ba Yaya labarin, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ashe ɓeran da nake ɗana wa tarko shi ne mai ceton nawa." Ranar ce na fara jin dariyarta tun da aka kwanta.

Masu tambaya a kan ƙurajen fuskarta da bushewar fata da kumburin gefen farce, daga maganin ne. Makarɓin da ake toshewa a huhu shi ne dai wanda fata ke dogaro da shi, sunan ma daga fata aka samo shi. Likita na kula da su, kuma sun lafa. 'Ya'yanta sun tambaya ko gadonsa za su yi. An ce mana lahanin a cikin ƙwayoyin ƙarin ya auku, ba da shi aka haife ta ba.

Abu biyu nake roƙo. Kada a yaɗa cewa Yaya ta warke, don likita ba ta ce haka ba. Ciwon ya kwanta ne, ana sa masa ido, kuma an gaya mana ƙarara cewa wata rana yana iya samun hanyar zille wa maganin, a sake shawara. Sannan mutum uku sun riga sun turo mini saƙo suna neman sunan ƙwayar don su saya wa nasu mai tari. Don Allah kada ku yi. Ba maganin tari ba ne, ba kuma kowace sankarar huhu yake yi wa aiki ba, sai wadda gwaji ya nuna tana da wannan lahanin. In tari ya wuce makonni ana magani ba sauƙi, a koma wurin likita a nemi hoton ƙirji, ko mai shi bai taɓa shan sigari ba.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonsu ke nan ban amsa ba, ku yafe ni, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya. Masu son zuwa dubiya, a ɗan kira tukuna, har yanzu tana saurin gajiya, kuma mai mura ya dakata sai ya warware. Za a sake ɗaukar hoto nan da wata uku in Allah Ya kai mu, a ci gaba da sa ta a addu'a.

Ƙaninta, a madadin iyali duka.