Abin da rakiyar baƙi a Uluru ta koya mini

Duk wanda zai yi wa masu yawon buɗe ido jagora a gandun Uluru da Kata Tjuta, can tsakiyar Ostareliya, sai ya yi wani ɗan kwas ya ci jarrabawa kafin a bar shi ya buɗe baki a gaban baƙi. Ni ma sai da na bi ta nan lokacin da nake karatun harkar yawon buɗe ido, da na samu aikin hutu a wani kamfani mai ɗauko baƙi daga Alice Springs, tafiyar kusan kilomita 450 a mota. Ana koyar da zafin wurin da yawan ruwan da ya kamata baƙo ya sha. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne ɓangaren abin da ba za ka faɗa ba, da inda ba za ka bari a ɗaga kyamara ba.

Masu wurin su ne Anangu, 'yan asalin ƙasar masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara. Dutsen Uluru mai tsayin mita 348 yana da sunansa tun fil azal, sai a 1873 wani Bature, William Gosse, ya raɗa masa Ayers Rock don girmama wani babban ɗan siyasa na Kudancin Ostareliya. Ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardar mallakar ƙasar, su kuma suka ba hukumar gandun daji hayarta na shekara 99, bisa sharaɗin su ne mafi rinjaye a kwamitin gudanarwa. Wanda bai riƙe wannan tarihin ba zai ɗauka dokokin wurin tsirfa ce ta ma'aikata. A'a, mai gida ne ya gindaya su.

Komai nasu yana rataye da Tjukurpa: dokar rayuwa ce, labarin halitta ne, taswirar ƙasa ce kuma. A bakin tafkin Mutitjulu, inda ruwa ke taruwa a gindin dutsen, na ji wata dattijuwa tana ba da labarin Kuniya, macen mesa da ta zo ɗaukar fansar ɗan ɗan'uwanta da mayaƙan Liru, macizai masu dafi, suka soke da masu. Tana magana da harshenta, tafinta yana juyawa, tana nuni da baki da ƙaramar sanda zuwa tsagar da ke jikin dutse: nan ne Kuniya ta maka wa Liru sandar haƙa, ga tabon. Ana cikin jin daɗi sai ta yi shiru. Wani baƙo ya ce, to sai me ya faru? Tafinta ya ce iyakar abin da za a ba ku ke nan. Abin da ake gaya wa baƙi matakin yara ne. Sauran sai wanda ya girma cikin al'adar, wani na maza kawai, wani na mata kawai. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Wanzami zai yi maka ƙaho, har ya gaya maka sunan itacen da ya jiƙa, amma sirrin gidan sai ɗan gado.

Wahalar tana kan jagora. Ga mutum arba'in a mota, kowa ya biya kuɗi mai kauri, suna son labari mai daɗi, labarin kuwa ya yanke a tsakiya. Na ga masu cika giɓin da ƙirƙira, su haɗo tatsuniyar wata al'umma daga nisan kilomita dubu su liƙa wa dutsen. Baƙo ba zai taɓa ganewa ba, shi ya sa abin ya fi muni. A wurina gwanin jagora shi ne wanda zai ce wannan ba nawa ba ne, ba a ba ni izinin faɗa ba, kuma ya faɗe shi ba tare da kame-kame ba. Da mamaki, yawancin baƙi sun fi girmama hakan. Haka batun hoto. Akwai sassan dutsen, musamman ta arewa maso gabas, da aka kafa alluna cewa kada a ɗauka, domin siffofin da ke jikinsa tamkar rubutu ne da ba kowa ya halatta ya gani ba, hoto kuwa ba ka san hannun da zai faɗa ba. Mai cewa ai na biya kuɗin shiga ba ya ƙarewa. Ka biya ka shiga, ba ka sayi wurin ba.

Wani abin kuma, baƙi kan zo da hoton mutum ɗaya a ka: baƙin mutum da fenti a jiki yana busa dogon bututun itacen nan, dijiridu. Alhali kafin Turawa su sauka a 1788 harsuna sama da 250 ake yi a nahiyar. Dijiridu ɗan arewa ne, yankin Arnhem Land, ba kayan Anangu ba. A kudu kuwa, a Budj Bim ta jihar Victoria, mutanen Gunditjmara sun gina magudanan dutse na kama wani kifi mai kama da maciji tun shekara 6,600 da suka wuce, har UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. Wanda ya ga Uluru ya ga gida ɗaya ne kawai.

Hawan dutsen ma dogon zance ne. Shekara da shekaru Anangu suna roƙo a daina, don hanyar da ake bi tafarkin kakanninsu ne na Mala, kuma duk wanda ya mutu a ƙasarsu suna jin nauyinsa a wuyansu. Sama da mutum 35 sun rasu a hawan. Ba su tilasta ba, allon roƙo kawai suka kafa a gindin hanyar. Sai a 2017 kwamitin ya yanke hukunci, aka rufe ranar 26 ga Oktoba 2019, daidai shekara 34 da mayar musu da ƙasar. Haƙurin nan ya fi ƙarfina, gaskiya. An cire sarƙar da ake kamawa, amma farin layin da ƙafafu suka goge yana nan.

Inda na fi samun damuwa shi ne kuɗi. Otal-otal na Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa da gandun, cike suke, farashi kamar me, amma ƙauyen Mutitjulu da ke gab da dutsen yana fama da cunkoson gidaje da rashin aikin yi. Akasarin masu jagora ba Anangu ba ne, har da ni da na zo daga wata nahiyar. Akwai makarantar horar da matasan 'yan asalin ƙasar aikin otal a Yulara, kuma ana gani a ƙasa, sai dai da sauran tafiya. Kasuwar tsaraba ta fi ban haushi. A 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dalar Ostareliya miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin hannun 'yan asalin ƙasa, kuma a 2022 wani binciken hukumar gwamnati ya gano biyu cikin uku na irin waɗannan kayan tsaraba ba su da wata alaƙa da su.

Don haka kafin mu tsaya a shago nakan ce wa baƙi su juya kayan su duba baya: sunan wanda ya yi, garinsa, da cibiyar da ta sayar. Nakan nuna musu Maruku, ƙungiyar masu sassaƙa da zane mallakar Anangu, inda za ka ga ƙadangaren itace da aka yi wa ado da waya mai zafi, har ƙaurin wutar bai gama fita ba. Wasu sukan saya a can. Da yawa kuma sukan jira filin jirgi, inda irinsa na roba bai kai rabin kuɗin ba.