Kafin ka ɗora wa bayanka bokitin siminti

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe goma na safe, na biyo ta kusa da filin wasa na Giginya a nan Sakkwato, sai na tarar da wasu samari sun kafa benci a gindin dogon yaro. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai fi shekara 19 ba, ya sunkuya kan wani bututun ƙarfe da aka dasa wa bokitin fenti cike da siminti a kowane gefe. Ƙafafunsa a miƙe, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, kuma duk motsin da ya yi sai ka ji ƙarar leda a ƙarƙashin rigarsa. Abokinsa na riƙe da waya yana ɗaukarsa. Ya fizgo ƙarfen sau ɗaya, ya sake shi ya daki ƙasa, ya dafe ƙugu na ɗan lokaci, sannan ya sake sunkuyawa.

Na ce masa, "Samari, kilo nawa ne wannan?" Ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Ai ni ban jin komi." Na tambaye shi ledar fa, ya ce, "Wagga ta ƙona kitse ta."

Amsar nan ta ci mini rai, domin irinta na riƙa bayarwa shekaru talatin da suka wuce, kuma har yau jikina yana biyan bashinta.

Shi bai san nauyin abin da yake ɗauka ba, alhali lissafin ba shi da wuya. Siminti da yashi da tsakuwa idan suka bushe, kowace lita ɗaya tana kai kilo biyu da kusan rabi. Ƙaramin gwangwanin fenti mai lita 4 yana ba da kusan kilo 10. Babban bokiti mai lita 20 kuwa, idan aka cika shi taf, yana dab da nauyin buhun siminti mai kilo 50. Biyu ke nan a kan bututu ɗaya, ga yaron da shi kansa da kyar ya haura kilo 60. Kuma irin wannan ƙarfen na gida yana da illa uku da mai walda ba zai gaya maka ba: gefe ɗaya kusan kullum ya fi ɗaya nauyi, sai jiki ya karkace wajen ɗauka, simintin yana tsagewa a inda bututun ya shige shi, wata rana ya zame ya sauka a kan yatsun ƙafa, sannan ba ka da damar ƙara kilo biyu ko rage kilo biyu, ko dai ka ɗauke shi duka ko ka bar shi.

Da irinsa na fara, kuma yadda yaron nan ya sunkuya haka na riƙa sunkuyawa na tsawon shekaru. Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifai mai taushi, kamar ƙaramin matashi, wanda ke hana ƙasusuwan gogar juna. Idan ka lanƙwasa baya da kaya a hannu, gaban faifan ne ke matsewa, abin da ke cikinsa sai ya turu zuwa baya, daidai inda jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke wucewa. Galibi ba a rana ɗaya yake ɓaci ba. Yau ka ji ɗan tsami a kwankwaso ka ce gajiya ce, bayan wata biyu ka ji kamar an soka maka allura, har ranar da zafin zai taso daga ƙugu ya bi ta bayan cinya ya sauka ƙwauri. Nawa a ƙafar hagu ya zauna. Ruku'u yana yi mini wuya, zaman tahiya ya fi, tafiya a mota daga nan zuwa Gusau kuwa sai na nemi a tsaya na miƙe.

Wani lokaci ina ce wa kaina ba laifina ba ne. Wa zai koya mana a lokacin? Mun tashi muna kallon 'yan dambe da 'yan kokawa, muna ganin 'yan dako a Tsohuwar Kasuwa suna saɓa buhun gero kamar ba komai, muka ɗauka cewa ƙarfi shi ne jure wa ciwo. Kuma ba zan ɓoye ba, ƙarfen nan ya tsare ni daga abubuwa da yawa da suka cinye wasu sa'o'ina. Wanda zai tashi da asuba ya yi atisaye ba ya kai tsakar dare a majalisa. Amma idan na natsu, na san an gaya mini. Akwai dattijon da ya ce in riƙa tsugunnawa maimakon sunkuyo, na ga kamar tsufa ne ke sa shi magana. Ɗan dakon ma da nake koyi da shi, ban taɓa lura da cewa mutum biyu ne ke ɗora masa buhun ba, ba shi ke fizgo shi daga ƙasa da baya a lanƙwashe ba.

Ga yadda ake ɗauka daga ƙasa. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ƙarfen ya matso har ya kusa taɓa ƙwaurinka, domin duk tazarar da ka ba shi bayanka ne zai biya. Ka tura ƙugu baya, ka lanƙwasa gwiwa, ƙirji a sama, gadon baya a miƙe. Ka ja numfashi ka ɗaure ciki kamar wanda za a nausa, sannan ka tura ƙasa da ƙafafunka ka tashi a hankali. Ba fizga, ba juya jiki da kaya a hannu. Nauyin da ya dace da mai farawa shi ne wanda zai iya ɗauka sau 8 zuwa 12 ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, ya huta minti ɗaya ko biyu, ya maimaita har zagaye uku. Da zarar siffar ta ɓaci, a ajiye, ko da saura biyu a lissafi. Ƙari kuma kaɗan-kaɗan ne, kilo biyu bayan mako ɗaya ko biyu. Tsokar da aka wahalar yau a bar ta kwana biyu, domin a lokacin hutu take ginuwa. Ni kullum nake yi, har Juma'a, ina ganin wanda ya huta rago ne. Ɗaga ƙarfe a kwance a benci kuwa, kada ka kuskura ka yi shi kai kaɗai ba wanda ke tsaye a kanka. Idan hannu ya gaza, ƙirji ko maƙogwaro ƙarfen zai nufa.

Ledar ma na sa. Na yi gudu da ita a cikin riga, a watan Afrilu, a garin da zafi ke haura digiri 40 kwana da kwanaki. Zufa ba kitse ba ce, ruwa ce da gishiri. Jiki yana huce kansa ne idan zufar ta bushe a kan fata, leda kuwa hana ta bushewa take yi, sai zafin ya taru a ciki. Ka hau sikeli kafin gudu ka sake hawa bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa, wato leda biyu ta fiya wata, kuma da ka sha zai dawo. A zafinmu na bazara mai gudu yana iya zubar da fiye da lita ɗaya a sa'a guda. Ka duba fitsarinka, idan ya yi ja ka san jiki na neman ruwa. Idan ka yi zufa sosai, ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka.

Lokacin atisaye a Sakkwato daga bayan sallar Asuba ne zuwa wajen bakwai da rabi, ko kuma da yamma liƙis idan rana ta yi sanyi. Ƙarfe goma na safe a bazara ba lokaci ba ne. Wanda ya daɗe bai yi ba, ko ya dawo daga gari mai sanyi, jikinsa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin, don haka ya fara da rabin abin da ya saba. Da hunturu matsalar ta koma ƙura da sanyin safe: a ɗumama jiki minti goma da tafiya da sassarfa kafin a taɓa ƙarfe, kuma mai asma ya bar gudu a bakin titi ranar da hazo ya sauka. Idan kuna cikin atisaye ɗayanku ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya faɗi jikinsa zafi rau, ku ja shi inuwa, ku cire masa riga, ku kwarara masa ruwa a jiki duka kuna yi masa fifita, sannan a nufi asibiti. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne ƙwayoyi. Da bayan ya fara ciwo, maimakon in tsaya, sai na riƙa biyawa ta kemis ina sayen maganin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, in haɗiya in koma kan ƙarfe. Hujjata ita ce aiki ba ya jira, kuma gaskiya ne ina da iyali da zan ciyar. Amma ƙarfen ai ba aiki ba ne, ba wanda ya tilasta ni. Ciwon da nake kashewa shi ne kaɗai ke gaya mini in dakata. Waɗannan magungunan kuma, idan suka haɗu da jikin da ruwa ya ƙare masa, ƙoda suke taɓawa. Yanzu abin ya wuce nan, yara suna shan tramadol don kada su ji gajiya, alhali tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma iya sa shi jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wasu na shan sha-ka-fashe don su cika riga, ba su san cewa irin su dexamethasone ruwa da kitse suke tarawa ba, suna raunana tsoka da ƙashi, suna tayar da sukarin jini. Allurar gina tsoka kuwa tana rage maniyyi, yaro bai yi aure ba ya fara taɓa haihuwarsa. Duk wanda ya yi atisaye mai tsanani ya wayi gari tsokarsa ta kumbura tana azabar ciwo, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, to ranar zai je asibiti, ba gobe ba. Haka wanda ƙafarsa ta yi sanyi ba ya jin ta, ko ya kasa riƙe fitsari bayan ciwon baya.

Kuma duk don me? Don a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Wannan shi ne abin da na kasa fahimta game da yaran yanzu. Wayar da ke hannunsu tana ɗauke da duk bayanin da mu muka rasa, amma ba sa buɗe ta sai don su ga wa ya yaba damtsensu. Ka tsaya kana yi wa yaro bayani, idonsa na kan allo. Kuɗin da zai sayi ƙwai da wake da nono sai ya tara ya sayi gwangwanin garin gina tsoka da bai iya karanta abin da aka rubuta a jikinsa ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi, ga fura da nono mai kyau, duk a bakin ƙofarsa. Barcin da tsoka ke bukata ma wayar ta cinye shi.

Na zauna da niyyar rubuta shawara goma, amma da na auna sai na ga ba su kai haka ba. Ka cire ledar, yau. Kada ka sha ƙwaya don ka iya ɗaga ƙarfe. Ka rabu da bokitin siminti ka nemi gidan motsa jiki inda ake da faifan ƙarfe masu lamba, waɗanda za ka iya ƙarawa da ragewa. Ko da yake can ɗin ma ban cika yarda da shi ba, don sau da yawa wanda ake kira koci ƙirji kawai gare shi, ba ilimi, kuma madubi da idon jama'a suna sa yaro ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa fiye da yadda zai yi a gindin bishiya. In haka ne gara ka zauna gida da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka zuba goma, mako mai zuwa ka zuba sha biyu, ka san abin da ke hannunka.

Da zan bi zuciyata, cewa zan yi ku bar ƙarfen gaba ɗaya ku riƙa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin sa'a sau biyar, kuma tafiya da sauri daga Mabera zuwa cikin gari ta isa. Sai dai ita hukumar ta ce a haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kuma ni kaina ba na son ganin saurayi zaune kan benci tun safe har dare yana latsa waya. To ku ɗaga. Amma a azumi ku bari sai bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, kuma ku rage nauyin.

Yaron na Giginya ya cire ledar a gabana, ruwa na zuba daga cikinta kamar an matse tsumma. Bokitin ne ya ƙi rabuwa da shi. Na ce to ya kai shi wurin 'yan gwangwan su ɗora masa a sikeli, gefe-gefe, ya ga lambar da idonsa, kafin ya sake sunkuyawa a kansa. Ya ce in sha Allahu. Abokin nasa bai sauke wayar ba har na bar wurin.