Ɗan Ja, karenmu na Azawak, da yawon dajin Talladje

Nan Yamai in ka ce kana kewar kare sai a dube ka kamar ka taɓu, amma ni wallahi har gobe ina kewar Ɗan Ja.

Kawuna ne ya zo muna da shi, lokacin yana tuƙa kamiyo hanyar Tawa zuwa Agadas. Daga Abalak ya ɗauko shi cikin kwali, ɗan kwikwiyo ja, ba komi jikinshi sai dogayen ƙafafu. Irin karnukan Azawak ne, waɗanda Buzaye da Fulani ke ajewa suna musu gadin zango da garke, suna kuma kama musu zomo da barewa. Inna na ganinshi ta ce "ni dai kar ya shigo mani ɗaki, kar ya kusanci randa". Baba ya je ya tambayi malamin unguwa, malam ya ce tunda akwai tumaki da awaki a gidan ba laifi a aje shi don gadinsu, kuma a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki cikin kwano a wanke sau bakwai. Aka ware mishi tsohuwar tasa, ragowar tuwo da hura da nono, ran da Baba ya bi ta wajen mahauta kuma ya zo mishi da ƙashi.

Mu ba mu da lambun shaƙatawa na karnuka irin wanda muke gani a tele, amma muna da Ceinture verte, dajin dogon yaron nan da aka fara dasawa a 1965 don ya tare ma gari iska da ƙura, kuma daga gidanmu na Talladje ba nisa. Da an sallame la'asar Ɗan Ja ya sani, zai je bakin ƙofa ya tsaya yana kallona yana kallon igiyar da ke rataye, ba haushi ba komi, jira kawai. Ni da ƙanena mu riƙe shi har mu tsallake gudron saboda motoci da 'yan kabu-kabu, muna shiga cikin itatuwa in kwance igiya, shi ke nan sai ƙura! Duk wanda bai ga karen Azawak na gudu a fili ba bai san abin da nike faɗi ba, ƙafafun gaba da na baya su haɗe su buɗe, cikin ya lafe, kamar an saki kibiya, ya ɓace ma gani sannan ka ji numfashinshi bayanka ya zagayo. Da damina ciyawa ta fito ya yi ta bin ƙadangaru, mu kuma muna tsintar 'ya'yan dogon yaro muna jifar juna har a kira magariba.

Ba ya son baƙo ya taɓa shi, haka jininsu yake, sai ya ja baya ya tsura ma ido. Kuma sanyi na wahalar da shi sosai don ba kitse jikinshi, da hunturu zaka same shi ya naɗe kusa da murhu yana rawar ɗari. Innar nan da ta ce kar ya matso ta, ita ce ke fitowa da dare ta lulluɓa mishi tsohon buhu.

Abin da ke ƙona mani rai, Turawa sun kwashi irin karen nan zuwa Turai tun shekarun 1970, a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin rajistarta, can ana ji da shi ana kai shi gasa, mu da muke da asalinshi yaranmu jifa suke bin kare da ita ba tare da ya yi musu komi ba. Na san tsoron haukan kare ne ke sa wasu haka, kuma tsoron na da dalili don cutar in ta bayyana jikin mutum kisa take. Shi ya sa Baba bai taɓa wasa da allurar Ɗan Ja wajen likitan dabbobi ba, kuma ya sha gaya muna in kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 a ruga asibiti, ba a tsaya shafa magani a gida ba.

Tsufa ne ya kashe shi, mun gina rami bayan gida ni da ƙanena muka rufe shi, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Yanzu yarana sun dame ni in kawo musu kare, kuma ina so ƙwarai, kawu ma ya ce zai samo mani. Abin da ke tsaida ni gidan haya nike, tsakar gidan ƙarama, kuma wurin da muke sakin Ɗan Ja gine-gine sun ci wani gefe, wani gefen ya koma juji, leda da fasassun kwalabe ko'ina. Karen Azawak ba a ɗaure shi wuni guda, dole ya samu inda zai yi gudu, to sai na samu fili na kaina can bayan gari tukuna.