Wasa na juyawa ne tun kafin ƙwallo ta shiga raga

Babban abin da aikin yanka bidiyon wasanni ya koya min shi ne in daina bin ƙwallo da ido. A kwas ɗin koci an ta nanata mana cewa ƙungiya ba mutum 11 ba ne kowa na harkar gabansa, ɗaya ya matsa taku biyu sauran goman sai sun gyara tsayuwa, abokan karawa ma su gyara tasu, haka abin ke ta juyawa har a tashi. Kamar ruwa ne a kan wuta, zafi na ta taruwa ba ka ganin komai sai kawai ka ga ya tafasa.

Ɗauki wasan ƙarshe na Champions League a Istanbul, 2005. AC Milan na cin Liverpool 3-0 aka tafi hutun rabin lokaci, Maldini ya ci a minti na farko, Crespo ya ci biyu. Ka tambayi kowa a gidan kallo ina wasa ya juya zai ce maka ƙwallon da Gerrard, kyaftin ɗin Liverpool, ya ci da ka a minti na 54. Ni kam a ɗakin canza kaya na ga ya juya, lokacin da kocin Liverpool Benitez ya sako ɗan tsakiya Hamann a madadin ɗan baya Finnan ya koma 'yan baya uku. Kafin nan Kaka na Milan yawonsa yake sha a tsakiya ba mai ce masa kanzil, ka dubi fas ɗin da ya ba Crespo a ƙwallo ta uku, wallahi abin ba kyan gani. Hamann na shigowa ya toshe wannan ramin, shi kuma Gerrard ya samu sakewa ya haura gaba, to shi ne fa ya sa kai ya ci, Smicer ya ƙara a 56, aka kayar da Gerrard ɗin a cikin da'ira, golan Milan Dida ya tare fenaretin Alonso amma Alonson ya bi ya ƙarasa. Minti shida kacal, wasa ya koma 3-3.

Sai dai fa bayan an tashi kowa gwani ne wajen nuna inda wasa ya juya. Milan ai sun dawo hayyacinsu, kocinsu Ancelotti ya sako Serginho ya dinga keta gefen hagu har sai da aka dawo da Gerrard baya ya tsare shi, kuma da golan Liverpool Dudek bai tare Shevchenko sau biyu a jere ba dab da ƙarshen ƙarin lokaci, da yau ba mai zancen Hamann. Shi ya sa yanzu in koci ya ba ni bidiyo nake roƙon kar a faɗa min yadda aka tashi, in sa alama a mintin da na ga rata ta buɗe tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya, sannan in ƙarasa kallo in ga ko ta haifar da wani abu.